Ƙwallon da Aneudi Ya Bari Ta Wuce

Aneudi ɗan Gwaggo Cándida ne, ƙanwar babana, don haka ina da izinin faɗar duk abin da na ga dama a kansa, shi kuma sai dai ya haɗiye. Tun da aka haife shi a San Pedro bai taɓa ganin abu yana yawo a iska ya ƙyale shi ba. An ce ranar da aka kai shi coci baftisma, Fada ya ɗebo ruwa a tafin hannu, jariri ya kai masa duka, ruwan ya sauka a kan wata tsohuwa a benci na uku. Ba a haife ni ba lokacin, amma duk dangi ba wanda ya fi ni iya ba da labarin.

A unguwarmu besbol, wasan jifa da duka, ba a fara koyonsa da ƙwallo, wa zai saya mana? Murfin jarkar ruwa ake jefo maka, ka tare shi da ƙotar tsintsiya. Murfi kuwa ba ya tafiya a miƙe. Ya yi hagu, ya yi dama, ya nutse, ya taso, kamar mashayi ya baro gidan biki. In ka tsaya jiran mai kyau sai rana ta faɗi. Kuma kowane yaro a San Pedro ya san masu zuwa daga Amurka neman 'yan wasa ba sa ɗaukar mai tsayawa kallo. Doka dai ta ce in mai jifa ya yi maka jifa huɗu a karkace, ba ka kai duka ba, sai ka taka kyauta zuwa tashar farko, cikin ukun da ake zagayawa a dawo gida a ci maki. Mu sadaka muke ce wa wannan. Namiji ba ya karɓa.

Da wannan hannun Aneudi ya bar gonar rake yana ɗan shekara goma sha bakwai. Gwaggo ta yanka akuya, ta gaya wa unguwa cewa kafin baɗi za a riƙa ganin ɗanta a talabijin. Bana shekararsa ashirin da shida, talabijin ba ta gan shi ba tukuna. Ƙananan ƙungiyoyi yake ta zagayawa, waɗanda manya ke tara 'yan wasa a ciki kamar kaji a keji, a ga wanda zai yi ƙiba. Ya zauna a bas har kujera ta ɗauki siffar bayansa. Gwiwarsa ta dama takan yi ƙara in ya miƙe, irin ta ƙofar shagon da aka daɗe ba a buɗe ba.

Bana suka tura shi wani gari a arewacin Amurka, tsakiyar gonakin masara, ba nisa sosai da inda nake aikin fige talotalo. Aka buɗe wasanni a watan Afrilu. Wai bazara ce. Ranar da na fara zuwa kallo, na rantse, ihun da na yi masa daskarewa ya yi a iska, sai da aka tashi ya narke ya same shi a wurin ajiye motoci. Ya fito fili da riga a kan riga a kan riga, kamar katifa ta yi ƙafa. A wannan sanyin, in ƙwallo ta taɓa kulki ba daidai ba, sai ka ji tamkar ka cusa hannu a gidan rina.

Ba ma ta cika taɓawa ba. Masu jifan yankin duk sun gane shi. Su jefa ta a ƙasa, ya kai duka. Su jefa ta sama da hularsa, ya kai duka. Wani ɗan dogo ya jefa wata da ta kusa kashe mai sayar da gyaɗa, Aneudi ya bi ta da kulki. Kuskure uku kake yi a fitar da kai, shi kuwa yakan gama nasa kafin in zauna daidai. Makon farko ya wuce, na biyu ya bi, in ya ɗauki kulki sau goma da ƙyar ya buga ɗaya. Ƙaton allon filin yana nuna sakamakon kowa kusa da hotonsa, shi nasa har hoton kamar kunya yake ji.

Ranar wata Juma'a na same shi zaune a bayan motata bayan wasa, ya kwance takalmi ɗaya ya manta da ɗayan.

Na ce, "Ɗan gwaggo, yau kam ka yi wa mutane fifita. Su da ke neman wuta."

Ya ce, "Rufino, ka bar ni. Manaja ya kira ni."

Mista Brandvold ne manajan, mutum mai tauna cingam kamar ya kama shi da laifi. Ba ya jin yarenmu, sai Efraín, wani ɗan Venezuela mai koyar da duka, ya yi tafinta. Maganar gajera ce. Ba su damu da ya buga ko bai buga ba, su dai ya daina bin jifan banza. In aka gama wasannin gida ranar Lahadi bai sake hali ba, akwai wanda ke jiran gurbinsa, shi kuma a saya masa tikitin komawa.

Na ce, "To ai sauƙi ya zo. Tsayuwa kawai suke so. Ni a wurin aiki in na tsaya zagina ake yi."

"Efraín ma haka ya ce. Wai, ɗan'uwa, ka riƙe kulkin kamar jaririn wani." Ya shafa gwiwa. "Ɗan kawu, da wannan dukan suka ɗauke ni. Yanzu shi ne laifina. In na koma me zan yi? Acaba? In ɗauko wanda muka yi wasa tare, ya ce, a'a, ba kai ne na Amurka ba?"

"Ai za ka yi kasuwa. Duk ramin da ka gani a titi sai ka kai masa duka."

Bai yi dariya ba. Ya ce ya gaji da bas, ya gaji da burodi mai man gyaɗa, ya gaji da wanke safa a bahon otal. Amma duk da haka ba ya son a ce masa tafi.

Asabar da safe na zo masa da magani. Na tattaro murfin jarka cike da leda, na ari tsintsiyar gidan wanki, muka tsaya a bayan ginin. Na ce, "Yau akasin na gida za mu yi. Zan jefo, kai kuma ka kalla kawai. Ka ɗauka 'yar Fada ce ke wucewa."

Na jefa na farko can gefe. Fas! Ya haye rufin gidan wanki.

"Haba, ɗan gwaggo!"

"Hannuna ne, ba ni ba ne."

Na jefa wani a ƙasa, ya kwashe shi kamar mai shara. Na jefa ɗaya ta bayansa, mutumin nan ya juya ya buge shi ya sami tagar wata mata. Leda ta ƙare bai bar ko ɗaya ya taɓa ƙasa lafiya ba. Da yamma a fili kuwa aka fitar da shi sau uku, duk a kan jifan da ko makaho zai ƙyale. Mista Brandvold ya tofar da cingam ya sa sabo.

Lahadi aka tashi da yayyafi. Ranar ce ake barin mutane su shigo da karnukansu, don haka 'yan kallo sun yi yawa in ka haɗa da masu wutsiya. Na zauna daidai bayan raga inda zai ji ni. Karonsa na farko ya bi wata a ƙasa, ya fita. Na biyu ya yi ƙoƙari, ya tsaya ƙiƙam, ta wuce ta tsakiya sak, alƙali ya ɗaga hannu, don ƙyale mai kyau ma kuskure ne, ya fita. Ya waiwayo ya dube ni, na yi kamar ina duba karen maƙwabcina.

Aka kai zagayen ƙarshe ana kunnen doki. 'Yan ƙungiyarsa sun cika tashoshi uku, biyu sun fita, saura ɗaya damar ta kuɓuce. Sai aka kira sunan Aneudi. Duk wanda ya san shi ya fara naɗe bargo.

Mai jifan ya san da wa yake, don haka bai ma yi wahalar saitawa ba. Jifan farko a ƙasa. Aneudi ya motsa, ya tsaya. Na biyu sama, ya tsaya, kafaɗarsa tana rawa kamar ana ja masa ita da igiya. Na uku ya zo daidai, ya kai duka ya kuskure. Na huɗu a karkace, ya ƙyale. Na biyar ya goga shi ya fice gefe. Karkatattu uku, kuskure biyu. Jifa mai zuwa shi ne komai.

Na miƙe na ƙwala, "Ɗan gwaggo! 'Yar Fada ce!"

Ƙwallo ta taho tamkar za ta zo daidai, sannan ta nutse. Irin wadda ya fi so a duniya, irin ta murfin jarka. Na ga kulki ya baro kafaɗa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi kamar tiyon ruwa. Sai kulkin ya tsaya a hanya. Ƙwallo ta daki ƙasa. Alƙali ya nuna masa tashar farko, tunda tashoshi a cike suke kowa ya matsa gaba, na tasha ta uku ya shigo gida, wasa ya ƙare, mun ci.

Karnuka suka yi haushi, 'yan wasa suka fito a guje. Shi kuwa ya ajiye kulki a hankali, ya taka zuwa tashar kamar mai bin gawa. Suka cim masa, suka juye masa bokitin ruwan ƙanƙara a wannan sanyin, wai murna. Mista Brandvold ya dafa shi, ya faɗi wani abu, Efraín ya fassara: ya haɗa jakarsa, bas na jira, yana cikin masu tafiya wasannin waje.

Muna wurin motoci Gwaggo ta bugo waya, kamar yadda take yi duk Lahadi bayan coci. Ya buɗe murya don in ji.

"Ɗana, an ce kai ka ci musu wasa! Ina ka aika ta? Ta haye katanga?"

"Ban buga ba, Mama."

"To me ka yi?"

"Na tsaya."

Ta wayar na ji zakaran maƙwabta yana cara a San Pedro, sannan ta ce, "Tsayuwa? Aneudi, tsayuwa aka kai ka Amurka ka yi? Ai ga marasa aiki nan a bakin titi, tun safe suke tsaye, ba wanda ya ce sun ci wasa. Me zan gaya wa mutane?"

"Ki ce ba su kore ni ba."

"Wancan shaƙiyyin Rufino na kusa? Shi ya koya maka, na sani. Duk gidan yayana ba wanda ya kai shi iya tsayuwa."

Na ce, "Ina wuni, Gwaggo."

"Ban gaishe ka ba. Ka sa ya ci abinci mai zafi."

Na ba shi kwanon shinkafa da wake da soyayyen agade da na zo da shi, ya cusa a jaka bai buɗe ba. Direba ya danna hon. Ya rataya jaka, gwiwa ta yi ƙararta, ya nufi bas da gashi a jiƙe. Na laluba aljihu na ji murfi ɗaya da ya saura daga jiya.

Na ce, "Kai, mai karɓar sadaka!" Na wurga masa.

Aneudin da na sani da jakar zai make shi, ko da kwanon abincin. Murfin ya yi hagu, ya yi dama, ya nutse, ya taɓa masa ƙauri ya faɗi a kwalta. Ya tsaya yana kallonsa.

Ya ce, "Ya yi ƙasa da yawa."

Ya hau bas ya nemi kujerarsa.