Sa Hannun Ustad Karamat

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 15 ga watan Yuni, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Ustad Karamat Ali Sial, malamin walda a makarantar koyon sana'a ta unguwarmu a Multan, ƙasar Pakistan. A ɗakin aiki ya faɗi, da gilashin walda a goshinsa.

Ustad, shekara goma sha tara muka yi muna koyarwa ɗaki kusa da ɗaki, kai walda, ni gyaran firji. Kullum tsokanarka ita ce ni na zaɓi sanyi na bar ka da wuta. Da kunne kake gane aiki. Kana ba da baya kana shan shayi za ka ce wa ɗalibi ya rage nisan hannunsa. Wanda hannunsa ke rawa, sai ka riƙe masa wuyan hannu har layin ya miƙe. Ruwan wardi bai taɓa yankewa a aljihunka ba, saboda sababbin ɗaliban da hasken walda ke ƙona wa ido.

Bara aka kawo mana ci gaba. Aka ce kowa zai koya ta waya daga gidansa, lokacin da ya ga dama. Aka ɗauke mu bidiyo muna koyarwa, mu malamai bakwai, har da sa mu maimaita murmushi. Da aka gama aka sallami shida, ina cikinsu. Kai aka bari, domin takardar shaidar walda ba ta fita sai da sa hannun malami. Ɗalibanka talatin suka koma ɗari biyu da huɗu, yawancinsu ba ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Shugaban makarantar ya ajiye maka takardun ya ce ai sun kalli darasi, sun ci tambayoyi. Ka ce masa: "Sahib, ranka ya daɗe, mutanen nan bututun gas za su je su liƙa. In ya fashe a gidan wani, waya za a tambaya ko ni?"

Ka rantse ba za ka sa wa kowa hannu ba sai ka ga waldarsa da idonka. Ka roƙi a dawo maka da malami ko ɗaya, aka ce tsarin bai tanadi haka ba. Shi ya sa ka riƙa buɗe ɗakin har ranar hutu, cikin zafin Yuni, ƙarƙashin rufin kwano, kana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ɗari da arba'in da uku.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ina cikin fushi, kuma ba zan ɓoye ba. Aikin mutum bakwai aka ɗora wa dattijo mai hawan jini.

Ranar addu'ar uku shugaban ya zo, ya ci shinkafar sadaka, sannan ya aika a tambayi matarka, Baji Kausar, ko hatimin da kake buga wa takardun shaida yana gida. Daga bayan labule ta amsa, kowa ya ji: "Ku ce masa mai hatimin yana maƙabarta, ya je can ya karɓa."

Ashe ma ba su buƙace shi ba. Jiya takardun sauran sittin da ɗayan suka fito, da hoton sa hannunka da suka ciro daga kwamfuta. Na riƙe ɗaya a hannuna. Kwanan watan da ke jiki, kana da kwana tara a kabari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baji Kausar, da 'ya'yanka Samina da Tanwir, da duk wanda ka taɓa riƙe wa hannu. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, Kai ne shaida, mutum sittin da ɗayan nan bawanka Karamat bai ga aikinsu ba. Kada Ka tambaye shi a kansu.