Kunnen da Na Bari a Aikin Titi

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya fara yawo a ƙasar nan, sana'ata sarin ƙuli-ƙuli ce. Ina bin gidaje a Sheme da Ruwan Godiya a kan keke, in tara, in kai kasuwar Kankara.

Ba a gane ƙuli da ido. Ɗaya za ka zaro daga tsakiyar ƙwarya, ka kai bakin kunne, ka karya. In ya ce ƙas, ya soyu har ciki, zai daɗe bai lalace ba. In ya ce ɓus, da sauran danshi. Mata suna tsoron kunnena. Akwai wata tsohuwa a Sheme, Goggo nake ce mata. Da ta hango ni sai ta ce, "Ga mai kunnen zomo nan, ku sake ɗora kasko."

Sai wani abokina ya dawo daga aikin titi da agogo da rediyo. Na jingine keke na bi shi. Aka ba ni injin fasa dutse. Na yi shekaru ina riƙe da shi, har aikin ya ƙare aka sallame mu. Ni ma na dawo da rediyo, amma sai na ƙure muryarsa nake ji.

Na koma sari, don iyali na jiran abinci. In an ɗaga murya ina jin magana. Amma in na karya ƙuli a kunne, shiru. Sai in gyaɗa kai kamar na ji. Da damina na ɗauki buhu biyu zuwa kasuwar Sabuwa, kafin kasuwa ta zagayo duk ya yi fumfuna. Masu saye suka fara kauce mini.

Wata rana Goggo ta miƙo mini ƙuli ɗaya da hannunta. Na karya, na ce, "Ya yi."

Ta fizge. "Ya yi mi? Na kaji ne, a raɓa ya kwana! Kai ɗan nan, kunnen ka ba su suka ba ka rediyo?"



Ta zaɓo wani, ta matso tana ihu. "Sa a haƙori, sakarai!"

Na ciza. Ƙarar ta tashi a cikin kaina, ƙas, kamar dā. Na ɗauki wani, na sake cizawa. 

Da haƙori na ci gaba da sari har na aurar da 'ya'yana. Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta.

Ba na ƙorafi, ba wanda ya ɗaure ni ya kai ni wurin dutsen nan. Amma yanzu haƙoran ma sun zube. Nawa ƙulin a turmi ake daka mini, a zuba a kwaɗon zogale. Ina ci, ba ya cewa komai.