Mai Auna Kunya

Ga wani saurayi nan a shagon telanmu da farar riga da biro a hannu, sai murmushi yake kamar mai neman ƙuri'a. Ya miƙa wa tela waya, wai manhajar koyon karatu suke gwadawa.

"Baba, karanta da ƙarfi, kada ka ji komai."

Tela na tuntuɓe, wayar na gyara masa a gaban masu jiran ɗinki. In ya yi daidai, biron saurayin barci yake. Da ya sunkuyar da kai, sai rubutu. Ina zargin shi ma saurayin an sha yi masa dariya a aji, shi ya sa ya san inda ke ciwo.

"Baba, nawa za ka biya ta riƙa gyara maka a asirce?"

Tela kuwa aljihu yake lalube.