Muryar da ke Bayan Tudu

Shekarar fara, ni da kawuna mun ɓata tsakanin Kelle da Gure, salkarmu ta bushe. Da azahar na ji uwata, wadda muka binne da damina, tana kirana daga bayan tudun rairayi. Na nufi can. Kawu ya cafke wuyan rigata.

"Ina za ka?"

"Inna ce, Kawu."

"Ƙishirwa ce. Ni ma tun safe ubana ke kirana. Kada ka amsa."

Ya sa mini tsakuwa mai zafi a baki, ya ɗaure hannuna da igiyar raƙumi har muka iske rijiya.

Yanzu shi ke kirana a lambu, alhali ina tsaye cikin ruwa. Ba na amsawa, ba na kuma iya zama.

Yana kwance gabas da Gure, ƙarƙashin aduwa. Allah ya sanyaya makwancinsa.