Muntaka da Layin Leburori

Duk wanda ya zauna a Mile 3 ta Fatakwal a zamanin da kuɗin mai ke zuba kamar ruwan Agusta ya san Muntaka Indabawa, ko bai so ba. Ni dai maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa ganin mutum mai son a ce da shi "ranka ya daɗe" irinsa ba.

Ubansa ɗan kasuwar albasa ne a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha. Yaƙin basasa ya kore su zuwa Kano, da ƙura ta lafa tsohon ya koma rumfarsa. Muntaka kuwa ya ce warin albasa ba nasa ba ne. Ya yi kos na kwamfuta, ya sami aiki a wani kamfani mai sauke bututun mai a bakin ruwa a nan Fatakwal, a ɗaki mai sanyi da ba a shiga da takalmi.

Aikinsa ɗaya ne. Kowane lebura yana da lamba, kuma bayanansa na cikin faifan na'ura ƙarƙashin lambar nan. Kullum da safe a tara katunan waɗanda suka zo neman aiki, Muntaka ya zuba wa na'ura, ita kuma ta nemo kowa, ta rubuta cewa ya zo, ta buga masa takardar shiga. Da yake katunan a hargitse suke, sai ta yi ta kai da kawo a kan faifan, ta ɗauko mutum ɗaya, ta koma ta ɗauko wani, kamar matar da ke zuwa rumbu don ƙwayar gero ɗaya. Kafin ta gama rana ta take. Yaranmu na Arewa suna tsaye a bakin ƙofa, ba inuwa.

To, a nan Muntaka ya gina girmansa. Katin da ya sa a sama shi ke fara fitowa. Sai ka ga ƙato da gemunsa ya durƙusa masa da yamma: "Oga Muntaka, abeg, a taimaka gobe." Shi kuma ya lumshe ido ya ce, "Na'urar nan ba ta jin Hausa, amma zan yi mata magana." Abin har ya kai shi ga kwaɗayin sarauta. Sarkin Hausawa zai naɗa Wakilin Leburori, kuma Muntaka ya riga ya ɗinka babbar riga.

Ana cikin haka manajan kamfani ya gaji da jiragen ruwa na jiran masu sauke kaya. Ya ce zai ɗauko gwani daga Legas ya duba na'urar. Daga Legas, alhali Muntaka na raye? Girman kai rawanin tsiya. Bai ko kwana a kan maganar ba ya gyara tsarin. Ya sa a fara jera katunan bisa lamba, daga ƙarama zuwa babba, sannan na'ura ta riƙa ɗibar bayanai dami guda a tafiya ɗaya, ta gyara su, ta mayar da su tare. In ba a jera ba, damin ba shi da amfani, don bayanin lebura na gaba yana can wani wuri dabam. Kuma gaskiya aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Washegari kafin hantsi kowa ya shige.

Abin da gogan bai lissafa ba shi ne, kati yanzu ba shi da sama ba shi da ƙasa sai lamba. Ko ɗan sarki ne kai, inda lambarka ta faɗa nan za ka fito. Ƙofar gidansa ta yi tsit.

Ranar da dattawa suka zauna kan maganar naɗi, Muntaka ya zo da rigarsa, ya kwashi gaisuwa, ya shiga ba da labarin yadda ya kunyata Legas. Malam Gimba, wani tsohon lebura da rana ta gama ƙona wa ƙeya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka. Wannan dabara, yaushe ka gano ta?"

Da mai hankali ne, da ya ce jiya. Muntaka ya gyara hula ya yi dariya. "Haba, Baba! Ai tun ina kos na san ta. Wannan ai small tin ne."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Sarki ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Gimba ya dube shi.

"Ashe duk shekarun nan," in ji shi, "da saninka muke shan rana."