Magaryar Bayan Ɗakin Girki

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa muka tare a gidanmu na Majidaɗi. Maigidana ya sa aka shafe tsakar gida da siminti, sai wani ɗan lungu a bayan ɗakin girki da aka bari da ƙasarsa. Gida ya yi kyau, amma shirunsa ya dame ni. A Iware na tashi, inda tsuntsaye ke riga ladan farkawa. A nan kuwa ko kurciya ba ta sauka.

Wata rana na je kasuwar Iware na sayo magarya. Na ci, na tara ƙwallayen, na binne su a lungun nan, ina ba su ruwa safe da yamma. Wata biyu babu abin da ya fito sai ciyawa.

Ina cikin tono don in ga abin da ya faru, maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. 'Yar ƙabilar Mumuye ce, dattijuwa, manomiyar doya, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Malama, me ka ɓatar?"

Na nuna mata ƙwallayen, suna nan garau kamar ranar da na binne su. Ta yi dariya.

"Wannan ba ya fita haka. A daji akuya ne yake ci, ya zubar, sannan ya tsiro. Kai ba ka da akuya, sai ka fasa shi."

Ta zagayo da ɗan dutse ta nuna mini yadda ake bugun ƙwallon a hankali har ya tsage, a ciro 'yan ƙananan irin da ke ciki. Na murƙushe da yawa kafin hannuna ya saba. Muka jiƙa waɗanda suka tsira kwana ɗaya, muka shuka a ledojin ruwa da na cika da ƙasa da taki.

Uku suka tsiro. Kaza ta tsinke ɗaya. Ɗaya kuma ni na kashe ta da yawan ruwa.

"Ba alayyahu ba ne, Malama," in ji maƙwabciyar. "Ɗan daji ne, ka bar shi ya ji ƙishi."

Ta ukun na dasa da ruwan farko, na kewaye ta da tsohon kwando. Da ta fara ƙaya, maigidana ya tsaya a kanta ya ce, "Ga mangwaro, ga gwaiba, ki rasa abin shukawa sai ƙaya?" Na ce ai ba don mu na shuka ba. Tun daga nan yakan tattare rigarsa idan zai wuce.

A shekara ta uku ta yi fure, ƙudan zuma suka fara zuwa. Da 'ya'yan suka nuna, sai ga tsuntsaye iri-iri, har da waɗanda ban san sunansu ba. Kurciya ta yi sheƙa can cikin ƙayar, inda kyanwa ba ta iya kaiwa. Kurege ma yakan bi katanga ya zo ya kwashi rabonsa.

A lokacin maƙwabciyar tawa ta riga ta koma ƙauye wajen ɗanta, ƙafa ta hana ta noma. Na ƙulla mata magaryar a ɗankwali na kai mata, na ba ta labarin sheƙar kurciyar. Ta tauna ɗaya a hankali, ta ce ba ta kai ta daji zaƙi ba. Sannan ta ɗaure sauran a bakin zaninta, ta tambaye ni ko sheƙar tana da ƙwai.