Ranar da ƙafata ta kusa hana ni keken ɗinki

Sanƙarau ne ya tafi da jina, shekarar da aka ba mu jiha. Na tashi daga jinya ina ganin bakin Inna yana motsi, ba na jin komai. Amma bakina bai mutu ba, har gobe surutu gare ni. Ni na koya wa kaina karanta leɓe, ina zama gaban shagon wani tela a Ƙauran Namoda ina kallon masu ciniki. A nan ɗinkin ma ya shiga raina. In ya tafi salla sai in haye kekensa da ƙyallaye.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a sai labari ya zo cewa za a raba wa naƙasassu kayan sana'a daga zakka, har da keken ɗinki, amma sai an tantance mutum. Keken nan nake so, wallahi har mafarkinsa nake.

Kawuna ne ya raka ni. A hanya ya juyo da fuskata, ya ce, "Ka ga, in mun shiga ka kama bakinka. Kurman da ka zuba kamar rediyo, wa ka yarda da shi?"

Na ce to. Ban yi minti biyu a ciki ba na karya alkawari, don sai da na gaida kowa har da tambayar iyali.

Ofishin tsohon gini ne, daɓensa na katako. Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa, ai ba a shiga gaban manya da takalmi. Mutum uku ne a tebur: wani dattijon malami shi ne shugaba, da malamin asibiti, da mai rubutu. Malamin asibiti ya leƙa kunnena da tocila, ya sa na juya musu baya na fuskanci bango. Ban san masinjan ofishin ya lallaɓo da bokitin ƙarfe ba. Ya ɗaga ya sake shi a bayana.

Sai na waiwaya firgigit.

Ina juyowa na ga bakin mai rubutu yana cewa, "Wanga yaro shina ji!" Har ya ɗora biro zai soke sunana. Kawu ya dafe kai. Ni kuwa ina ganin keke yana tafiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ba kunnena ya ji ba, ƙafata ce. Katakon nan ne ya girgiza ya hau mini har gwiwa."

Mai rubutu ya yi dariya. "Yau ga mai ji da ƙafa."

Na ce, "A gwada mana. Malam ya tuɓe takalmi, ya toshe kunne da kyau."

Kawu ya zaro ido, wai ina ba dattijo umarni. Amma Malam ya miƙe. Ya cire takalmi da safa, ya cusa yatsu a kunne, ya fuskanci bango daidai inda na tsaya. Masinja ya sake bokiti. Sai ga Malam ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar ya taka garwashi. Ya juyo yana dariya har gemunsa na rawa.

"Yaro ya yi gaskiya. Ku fitar da shi waje, bisa rairayi."

A waje na sa takalmina. Masinja ya riƙe bokitin a sama yana dukansa da ƙarfe dab da ƙeyata. Ni dai ina kallon wata akuya tana cin takarda. Daga baya Kawu ya ce shi har haƙoransa sun amsa.

Malam ya dafa kafaɗata, ya yi magana a hankali don in gani. "Ladabinka ne ya so ya cuce ka. Mi kaka iya ɗinkawa?"

Ai kuwa na buɗe baki, na fara da wuyan riga, na bi da aljihu, sai da Kawu ya ja hannuna.

Bayan sati uku aka kira mu, na ɗauko kekena a amalanke. Yanzu duk Alhamis har daga kasuwar Shinkafi ake aiko mini da yadi. Kuma ba na taka keken da takalmi. In zare ya kusa harɗewa, tafin ƙafata ne ke fara sani, sai in tsaya tun bai ɓata wa mai kaya yadi ba.